Sauyin Yanayi: A Bai Wa Manomi Labarin Maraɗi

Duk wanda ke bibiyar rediyo da jaridu ya san yadda ake kawo mana labarin sauyin yanayi. Yau a ce Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ƙafe saura ɗan kaɗan. Gobe a tuna mana ambaliyar 2022 da ta hallaka fiye da mutum 600 a Nijeriya, ko ɓallewar madatsar ruwa ta Alau da ta mamaye Maiduguri a watan Satumban 2024. Duk gaskiya ne, babu mai musu. To amma idan manomi ya gama saurare ya kashe rediyonsa, me aka ce masa ya yi gobe da safe? Galibi babu. Sai ya ce lamarin ya fi ƙarfinsa, ya bar wa Allah da gwamnati.

A ganina a nan muka yi kuskure, mu 'yan jarida da malamai da hukumomi. Tsoro yana tayar da hankali, amma ba ya sa mutum ya ɗauki gatari ko ya ajiye shi. Abin da ke sa shi hakan shi ne ya ga ɗan'uwansa ya gwada wani abu ya ci riba. Muna kuwa da irin wannan labari a bayan gidanmu, a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, mai iyaka da Katsina.

Bayan farin shekarun 1970, gonakin Maraɗi sun zama fili fetal. Manomi na kirki a lokacin shi ne wanda ya yi sassabe ya share gonarsa tas, kuma a doka itatuwa na hukuma ne, saboda haka babu mai sha'awar renon abin da ba nasa ba. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashe, amma yawancin 'ya'yan itatuwan sun mutu saboda zafi da iska da haƙoran awaki.

A 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da ake ɗauka ciyawa ce a gonaki, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, irin su sabara da kalgo, waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ashe ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba. Dabarar ba ta da wuya: manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙwari a kowane kututture, ya sassabe sauran, ya kare waɗanda ya bari. Ba sayen iri, ba ban ruwa. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa, cikin 'yan shekaru sai ga itace tsaye.

Da farko manoma kaɗan ne suka yarda, aka kuma yi ta yi musu dariya. A lokacin yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, sai dubban mutane suka shiga. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare itatuwansu. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci. Iska ta daina binne shuka da yashi, mata sun sami makamashi a kusa da gida, dabbobi sun sami abinci da rani. Gawo kuwa, mai kakkaɓe ganyensa da damina, bai hana gero rana ba, sai ma taki da ya zuba masa. Daga nan maƙwabci ya leƙa gonar maƙwabci, labari ya bi kasuwanni. Gani ya kori ji. Hukuma ma ta sassauta, manomi ya fara ɗaukar itacen gonarsa a matsayin dukiyarsa.

Da masu bincike suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam a shekarun 2000, sai suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, yawancinsu a Maraɗi da Damagaram. A 2018 an bai wa Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, amma ainihin masu aikin su ne manoman da ba a san sunansu ba.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana mu a Arewacin Nijeriya? Ƙasa ɗaya ce, harshe ɗaya, itatuwa iri ɗaya. Muna cikin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda ya shafi jihohi 11 na Arewa. Sai dai mun saba da bikin dashe, inda babban baƙo zai tsuguna a ɗauke shi hoto, bayan wata uku kuma babu mai komawa ya ga ko shukar ta rayu. Wannan ba ya nufin reno zai maye gurbin dashe a ko'ina, domin inda saiwoyi suka mutu dole a dasa, kuma ba zai hana ambaliya a birane ba. Amma shi ne abin da talaka zai iya farawa da kansa a wannan bazarar.

Don haka ina kira ga gidajen rediyonmu su miƙa wa manoma makirfo su faɗi abin da suka gani da bakinsu. Ƙananan hukumomin Jibiya da Daura da Maigatari su ɗauki nauyin kai manomansu ziyara tsallaken iyaka. Masu unguwanni da ardo-ardo su zauna su tsara yadda kiwo ba zai cinye toho ba, a kuma tabbatar wa wanda ya reni itace cewa nasa ne. Limamai su tunatar da mu ladan da ke cikin inuwar da wani zai sha bayan ranmu.

Yaron da ya taso yana jin cewa hamada za ta cinye garinsu, hanyar birni zai nema. Wanda kuwa ya ga gawo ya tsaya a gonar mahaifinsa, yana da dalilin zama. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.