Ruwan da ake kira asara shi ne abin kallon Gashuwa da Nguru

Duk lokacin da aka ji gwamnati za ta kashe kuɗi kan yawon buɗe ido a arewacin Yobe, ko aka fara shirin bikin kamun kifi na Bade, sai gardama ta ɓarke a teburan mai shayi na Gashuwa da Nguru, ta kuma bi wayoyi. Wasu su ce, me muke da shi da wani zai baro garinsu ya zo gani, in ban da rana da ƙura? Mai neman hutu ai Legas yake nufa ko Kalaba, ya je ya zauna bakin teku. Wasu kuma, musamman tun bayan ambaliyar 2022 da ta rusa gidaje ta cinye gonaki, cewa suke ruwan nan da ake ta yabo annoba ne, gara a tare shi can sama a yi noman rani da shi, da a bar shi ya malale a daji ya ƙafe a banza.

Maganar farko rashin sani ce, kuma tafiyar yini ɗaya ta isa ta warkar da ita. Ta biyun ce take ci mini rai, domin ba a bakin masu shayi ta tsaya ba. Da wannan tunani aka yi kusan shekara hamsin ana tsara aikin ruwa a yankin nan.

Mu fara da Dagona, wadda ba ta da nisa da Gashuwa. Wanda ya isa tafkinta da sanyin safiya tsakanin Disamba da Fabrairu zai tarar da ruwa ya yi baƙi da tsuntsaye. Akwai na gida da kowa ya sani, su dinya da kirinjijiya da zalɓe da kwasakwasa, akwai kuma baƙi, ƙananan agwagi da tsuntsayen bakin ruwa da suka yi ƙwai a arewacin Turai da Rasha, sanyi ya koro su, suka ƙetare Bahar Rum da Sahara. Bayan wannan doguwar tafiya cikin ƙishi, fadamun Haɗeja da Nguru suna cikin manyan ruwayen farko da suke iskewa. Saboda su ne Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona a 1989. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci ga duniya, a shekarar 2000, Dagona kuma ta shiga a 2008. Yankin Dagona yana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi.

A nan akwai wani kuskure da ya kamata a gyara. Manomin da jan-baki ya kwashe wa shinkafa ko gero yakan haɗa duk mai fiffike ya tsine masa, har ya ce gwamnati na kiwon tsuntsayen Turawa su cinye abincin talaka. Ɓacin ransa gaskiya ne, amma ya ɗora laifi inda ba nan yake ba. Jan-baki ɗan ƙasa ne, bai taɓa ganin Turai ba, kuma abin da ya ba shi mafaka ya yi irin wannan yawa shi ne ciyawar kacala, wadda zan dawo kanta.

Mai son tarihi kuma ba zai rasa inda zai taka ba. Gogaram, tsohuwar hedikwatar Bade kafin fada ta koma Gashuwa a shekarun 1940, tana nan da ragowar ganuwar da aka kewaye ta da ita a zamanin Lawan Babuje, a ƙarni na 19, lokacin da Badawa ke tsakanin Borno da Haɗeja suna kare kansu. A gefenta ake yin bikin kamun kifi. Gabas, wajen Gaidam, akwai kangon Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, ya zama cibiyar daular Borno fiye da shekara ɗari uku, har aka ci shi da yaƙi a 1808. Gine-ginen fadarsa da jan bulo aka yi su, tun zamanin da ba a san siminti ba. Sai dai mai niyyar zuwa can ya fara tambayar mutanen gari halin da hanya take ciki. A Nguru akwai tashar jirgin ƙasa inda dogon da ya taso daga Kano ya tuƙe a 1930, tashar da gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu suka riƙa bi zuwa kudu. Arewa kuma, a ƙasar Yusufari, ga tuddan rairayi na Tulo-Tulowa da kwarurrukan Bulatura, inda goruba da dabino ke tsaye a tsakiyar yashi, ana kuma haƙar kanwa. Ga duwatsun Machina can yamma.

Amma cikin abubuwan da hannun mutum ya yi, wanda ya fi duk waɗannan tsufa shi ne kwalekwalen Dufuna. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da kogin Komadugu Gana, a ƙaramar hukumar Fune, ya ci karo da wani baƙin itace a zurfin kusan mita biyar. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi, sai ga jirgin ruwa da aka sassaƙa daga itacen maɗaci, tsawonsa ya ɗara mita takwas, shekarunsa kimanin 8,000. Babu jirgin da aka taɓa samu a Afirka da ya kai shi tsufa, a duniya ma yana cikin na farko-farko. Yanzu yana ajiye a Damaturu. A wancan zamani Tafkin Chadi ya yi faɗin da ya ninka na yau sau da yawa, kuma tudun yashin da ya bi ta Maiduguri da Bama har cikin Kamaru tsohuwar gaɓarsa ce. Ke nan masu cewa sai an je bakin teku, su sani ƙasar nan ma ta taɓa maƙwabtaka da ruwan da ba a hango ƙarshensa, mutanenta kuma masu tuƙi ne tun kafin a gina dalar Masar.

To, a duba jerin nan da kyau. Tsuntsayen Dagona ruwa ya kawo su. Bikin Gogaram ba ya yiwuwa sai kifi ya shiga fadama da damina ya hayayyafa, ruwa ya janye ya bar shi a gurbi. Ngazargamu a kusa da kogin Yobe aka kafa ta. Wanda ya ce a raya yawon buɗe ido a nan, kuma ya ce ruwan da ke malala asara ne, maganganunsa biyu suna cin juna.

Ga yadda abin yake aiki. Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa, na Jama'are daga tsaunukan Jos, su ratsa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan yashi, su rarrabu hannu-hannu, sannan su haɗu kafin Gashuwa su zama Komadugu Yobe. A da, ruwa kan zo da ƙarfi a watannin Agusta da Satumba, ya share hanyoyinsa, ya rufe fadamu, sannan ya janye da rani ƙasa ta bushe ƙayau. Mai shinkafa ya girbe, mai wake da kuɓewa ya bi laimar da ta rage, makiyayi ya shigo da shanunsa, wani kaso na ruwan kuma ya nutse ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai tsarin ya juye: babban ruwan damina ya ragu, amma ana sakin ɗan ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, har cikin bazara.

Kowace uwargida ta san abin da ke samun randar da kullum ake ƙara mata ruwa, ba a taɓa juye ta an wanke an shanya ba. Gansakuka ce za ta kama ta, ƙwarin sauro su biyo baya, alhali ba ta taɓa rasa ruwa ba. Haka fadama take. Tana bukatar cika sosai, tana kuma bukatar bushewa sosai. Da aka hana ta duka biyun, kacala ta samu abin da take so, wato ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyi, laka ta taru a gindinta, kwalekwale ya kasa wucewa, taru ya rasa inda za a jefa shi, jan-baki ya samu gida. Ruwan Haɗeja da ya kamata ya gangaro Gashuwa ya karkata ta Marma ya kwanta a gonakin mutanen Nguru, wasu na kukan ruwa ya yi yawa, wasu na kukan bai iso ba. Yau mafi yawan ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Gashuwa na Jama'are ne, kogin da ba a datse ba tukuna, kuma shi ne ake ta maganar datsewa a Kafin Zaki tun shekaru da dama.

Zancen asara kuma an riga an yi lissafinsa. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da ruwa ke samarwa idan an bar shi ya shiga fadama, na noma da kifi da itacen girki, suka gwada da abin da yake samarwa a manyan ayyukan ban-ruwa na Kano. Fadama ce ta yi rinjaye, da rata mai faɗi, ko da ba a sa kiwo da ruwan rijiya cikin lissafin ba. Ban faɗi haka don rage darajar manomin ban-ruwa na Kadawa a Kano ba, shi ma abinci yake nomawa. Amma arzikin fadama ya warwatsu ne a hannun dubban masunta da masu saƙar tabarmar kaba da makiyaya, ba ya shiga rahoton ofis, shi ya sa ake ganin kamar babu shi.

Wanda ambaliya ta raba da gidansa ba zai ji daɗin wannan bayani ba, kuma yana da haƙƙin a kare shi. Kariyar ita ce a buɗe wa ruwa hanyoyinsa na asali, a gyara jingar da ke kare garuruwa, mu kuma mu daina yanka filaye a kan magudana don mun ga shekara uku ruwa bai zo ba. Ruwan da ya tarar da kacala a gabansa dole ya nemi wata hanya, sau da yawa kuma ta cikin gari take bi.

Hukumomi ba su rasa masaniya ba. Akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, akwai kuma asusun da jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno suka kafa a 2006 don kula da wannan ruwa. Abin da na fi gani shi ne rumfuna da jawabai ranar biki, a kawo injin yankan kacala a ɗauki hoto, bayan damina biyu ta koma yadda take, tunda ba a taɓa abin da ke shayar da ita ba. Abin da mutanen Bade da Nguru ya kamata su nema a rubuce shi ne jadawalin sakin ruwa daga Tiga da Challawa: a saki mai yawa a kan lokaci da damina bayan an sanar da garuruwan da ke ƙasa, a kuma ƙayyade shi na wasu watanni da rani, don hanyoyin Marma da Burum Gana su bushe a samu shiga a tumɓuke kacalar tun daga saiwa.