Kwalin Tsofaffin Faifai: Karatun da Yarana Suka Samo a Gwanjo

Ranar wata Asabar na sauko daga aikin dare, na ja yarana biyu muka shiga kasuwar Funtua neman takalmin makaranta. A hanyar fita 'yata mai shekara tara ta ja burki gaban rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo. A ƙarƙashin teburinsa akwai kwali cike da tsofaffin faifan CD da kaset-kaset na bidiyo, ƙura ta rufe su. Ta ɗauki kaset ɗaya tana jujjuyawa, ta ce, "Umma, wannan littafi ne?"

Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Hajiya, da can layi ake yi mini a kan waɗannan. Yanzu kowa sai a tura masa a waya."

Mun dawo gida da faifai shida a kuɗin da bai kai na katin data na mako ba. Wata takwas ke nan, kuma zan iya cewa ban taɓa kashe kuɗi kaɗan irin wannan na ga amfaninsa haka ba.

Karatun tun a gaban kwalin ya fara. Yarinyar ce ta riƙa karanta sunayen da ke jikin bango da ƙarfi. A nan na gane cewa 'yar da ke zuba Turanci a makaranta tana tuntuɓe a kan ƙ da ɗ. Kunya ta kama ni. Ƙanenta kuwa shi na bai wa kuɗin, shi ya taya, shi ya ƙirga canji. Ya yi kuskure sau biyu, dattijon ya gyara masa cikin raha.

Amma babban abin yana cikin faifan. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya faro ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, kuma sunan Kannywood kansa sai a 1999 ya fito a mujallar Tauraruwa. Ke nan duk tsohon fim da kika tsinta hoto ne na yadda gidajenmu suke shekara ashirin ko talatin baya. Yara ba labarin kaɗai suke kallo ba. Suna ganin jeren kwalla a ɗakin amarya, da fitilar ƙwai, da ɗaurin ɗankwalin lokacin, da yadda yaro ke durƙusawa ya gaida babba. Ɗana ya tambaye ni me ya sa ake aiken yaro da wasiƙa, ba a buga waya kawai ba. Amsar wannan tambaya ta ci mana rabin dare.

Cikin faifan akwai na wasan marigayi Mamman Shata, wanda ya daɗe zaune a Funtua, ya rasu a 1999. Da mahaifiyata ta zo daga Malumfashi muka saka mata. Ba a yi minti biyar ba ta manta da talabijin ɗin, ta juya wajen jikokinta tana ba su labarin kakar auduga: yadda ake kai ta fuloti a kan jakuna, yadda bukukuwa ke ɓarkewa da zarar manoma sun karɓi kuɗi. Shekara nawa tana zuwa gidan nan, ba su taɓa zama sun saurare ta haka ba.

Ga kuma abin da ya fi burge ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya: faifai yana ƙarewa. Waya ba ta ƙarewa, wani bidiyo na fita wani na shiga. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Manyan ma suna buƙatar iyaka, kuma ya fi sauƙi ki ce "fim ya ƙare" da ki fizge waya daga hannun yaro.

Sai dai, 'yar'uwa, kada ki ɗauka duk tsohon abu mai tsabta ne. Bango kan yi ƙarya. Na taɓa buɗe kwalin da aka rubuta wasan barkwanci a kai, na tarar da fim ɗin waje da ko ni ban iya ƙarasawa ba. Allah ya sa ni kaɗai ce a ɗakin. Tun daga ranar, ba faifan da ke zuwa gaban yara sai na kalle shi tukuna. Wasu tsofaffin fina-finan namu ma akwai dukan mata da ake mayarwa abin dariya, ko a nuna farfaɗiya a matsayin aikin aljanu kawai. Irin wannan wuri nakan tsayar da faifan mu yi magana.

Ki kula da fumfuna. Kaset ɗin da ya sha damina a ajiye yakan yi fari-fari a jikin zarensa. Ki bar shi a kasuwa, musamman idan kina da mai asma a gida. Faifai kuwa ki ɗaga shi a haske ki duba ƙarzuwa, ki goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba.

Kaset biyu da muka ƙaro daga baya har yau suna kan sif, don na'urar kunna su ta yi wuya. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina tun 2016. Dattijon ya yi alkawarin haɗa mana ɗaya daga gawar wasu guda biyu da ke rumfarsa. Duk Asabar sai 'yata ta tuna mini, musamman da ta ji cewa kaset ɗin bikin aurena yana can ƙasan akwatin kakarta a Malumfashi.