Ƙaramin Goro Ya Fi Babban Dutse: Kwamfuta Mai Girman Katin Banki

Daga Wakilinmu na Arewa, Minna

Jama'a mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, idan Salla ta ƙarato kowa yakan shiga tunanin tsarabar da zai kai wa yara gida, kuma a zamanin nan yawanci wayar hannu ce. To, akwai wata 'yar na'ura da ya kamata mai ɗa a makarantar sakandare ya san labarinta kafin ya kwance bakin aljihu.

Dalili kuwa shi ne, tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a bisa kwamfuta ɗungurungum. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, kome ƙoƙarinsa, rawar jiki kaɗai ta isa ta cinye masa lokaci. Latsa waya daban, aiki da kwamfuta daban.

Sunan wannan na'ura Raspberry Pi. Falle ɗaya ce tsirara, ba akwati ba gilashi, girmanta bai wuce katin cirar kuɗi na banki ba, amma ƙwaƙwalwarta da kafofin jona wayoyi duk suna bisa fallen nan. Wani masani mai suna Eben Upton da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka ƙago ta, bayan sun lura ɗaliban da ke zuwa karatun kwamfuta ba su iya taɓa cikinta kamar na da ba. An fara sayar da ita a watan Fabrairu na 2012 a kan dala 35, a 2015 kuma aka fito da ƙanwarta, Pi Zero, a kan dala 5. Ya zuwa 2024 an sayar da fiye da miliyan 60 a duniya.

Abin da ya sa ta dace da mu shi ne rashin cin wuta. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, har ana yi mata kirari da jihar lantarki, amma duk mazaunin Minna ya san wutar ba ta da alkawari. Ita kuwa wannan na'ura bolt 5 take bukata, irin na cajin waya, saboda haka batirin ajiye caji ko ƙaramin faifan hasken rana ya isa ya tashe ta. Sai dai talabijin ɗin da za a jona ta da shi, shi ma yana son tasa wutar.

Ga yadda ake haɗa ta: a sa mata katin memori mai ɗauke da manhajarta, wadda kyauta ake sauko da ita, a jona allon haruffa da linzami, sannan a haɗa ta da talabijin mai kafar HDMI. Shi ke nan yaro ya sami abin koyon buga rubutu da lissafi, da harsunan tsara manhaja irin su Scratch da Python. Har ila yau akwai manhajar Kiwix, wadda ke ajiye Wikipedia a cikin kati a riƙa karantawa ba tare da an sayi data ba. In yaro ya dagula manhajar, sai a goge kati a sake zubawa, babu asara.

Bugu da ƙari, a gefenta akwai 'yan ƙusoshi 40 waɗanda ake jona fitila ko ƙararrawa ko ma'aunin zafi da su. A Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna, wadda aka kafa a 1983, mai harabobi a Bosso da Gidan Kwano, ɗaliban injiniya sukan yi aikinsu na shekarar ƙarshe da ita, ko da takwararta Arduino 'yar ƙasar Italiya, su haɗa abubuwa kamar na'urar ban ruwa ko ta tsaron gida.

Amma fa Hausawa sun ce araha ba ta ado. Farashin da muka ambata na dala ne, na lokacin fitowarsu, kuma na fallen kaɗai. Kafin ta iso kasuwa an ɗora kuɗin canji da na dako da ribar ɗan kasuwa, ga kati da caja da sauran tarkace. Saboda haka wanda ya je Kwamfuta Bileji a Ikeja ya sa a yi masa jimillar kome da kome, ya gwada da kuɗin kwamfutar cinya ta gwanjo. In gidan babu talabijin mai kyau, ta gwanjon na iya fi masa sauƙi. In akwai, kuma yaron mai son kwance-kwance da haɗe-haɗe ne, fallen nan ya fi.

Abu na ƙarshe, kada a aika da ita a bar yaro shi kaɗai. A nemi malami ko ɗalibin jami'a a unguwa ya nuna masa hanya a makon farko. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya da ke Kudu ma suna iya yin karo-karo su saya wa makarantar garinsu guda biyar ko goma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya yi wa zuriya albarka, amin.