Sayen mota: takardar Amurka ko bakin direban tasha?

Duk ranar Alhamis, tun da asuba, motocin Ƙonni, Ilela, Malbaza da Tawa ke cika tashar Badagishiri da buhunan albasa da hatsi da bisashe. A nan muka sha jin gardamar ƴan kasuwa masu son sayen motar kansu: wace ce ba ta ba da wahala? Yanzu har wani yakan zaro salula ya nuna jerin da Turawa suka fitar.

To, bari mu duba jerin. Kamfanin J.D. Power na Amurka yakan tambayi masu motocin da suka shekara 3, ya ƙirga matsala nawa ke cikin kowace mota 100. Sau da yawa Lexus da Toyota ke sama. Ba ƙarya suke yi ba, amma wace matsala? Mafi yawan kuka a can kan allon gaban mota ne da haɗa shi da waya. Mu kuwa kukanmu injin da ya yi zafi, ƙura da man kwalba.

Wani abin kuma, Peugeot ta bar kasuwar Amurka tun 1991, Hiace ba a kai ta can sabuwa. Ke nan 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da Hiace mai ɗaukar mata da kwandunansu, babu su cikin lissafin. Motar da ke iso mana ma ta riga ta ratsa hannu biyu ko uku.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Alhaji ɗaya ya yabi motarsa bai isa hujja ba. Wataƙila shi mai canjin baƙin mai ne a kan lokaci, kuma ba ya labta mata kaya fiye da ƙima.

Don haka, Alhaji da Hajiya, kafin ku zuba jarinku, ku tambayi direbobi biyar masu bin hanyar Tsarnawa zuwa Tawa da irin motar. Ku tambayi mai sayar da kayan gyara ko ana samun nata a Ƙonni, da kuɗinsu. Ku tafi da makaniken da kuka amince da shi, ya saurari injin. Ranar da mota ta kwana a daji da tumatir, asarar taku ce ku kaɗai.