Koya Wa Yaro Jirgi Tun Yana Kan Tudu

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu muna zaune a bakin Kwara ko Binuwai ko tafkin Kainji. Yaranmu suna shiga kwalekwale zuwa gona, kasuwa da makaranta, amma kaɗan ne aka zaunar da su aka koya musu yadda za su tsira idan jirgi ya kife.

A watan Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari ta Bagwai a jihar Kano. Mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu yara. A watan Yuni 2023 fiye da mutum 100 suka rasu kusa da Patigi a jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. Lodi fiye da kima, tafiyar dare da rashin rigar ruwa su ne ake yawan samu a bayan irin wannan hatsari.

Idan ruwa ya shigo jirgi, tsoro ba ya barin yaro ya yi tunani. Abin da ya saba yi shi zai yi. Saboda haka koyarwa tana farawa a kan tudu. A jawo kwalekwale gaɓa, a sa yara su gwada waɗannan har su zama musu jiki:

1. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a sunkuye, a taka tsakiyar jirgi, ba gefe ba.
2. A zauna a ƙasa. Ba tashi tsaye, ba leƙa ruwa, ba rugawa gefe ɗaya, domin nauyi a gefe ɗaya ne ke kifar da jirgi.
3. Idan jirgi ya kife, a riƙe shi. Jirgin katako yakan daɗe yana yawo a kan ruwa, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi da kan yaro.
4. Idan wani ya faɗa ruwa, kada yaro ya bi shi. Ya yi ihu, ya miƙa gora ko igiya, ko ya jefa jarka marar komai da murfinta a rufe.

Rigar ruwa ta babba ba ta yi wa yaro. Bayan an ɗaure masa ita, a ɗaga ta daga kafaɗa. Idan ta hau har kunnensa, ta yi masa yawa, zai zame daga ciki.

Game da iyo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koya wa yara daga shekara 6. A Bangladesh ana kafa shingen gora a cikin kududdufi marar zurfi, a koya wa yara iyo a ciki. Mu ma muna da gora, muna da masunta da suka san ruwa. Ƙananan yara kuwa wurinsu kusa da hannun babba ne, domin yaro yakan nutse shiru, ba tare da ihu ba. Uwa kada ta goya jariri a cikin jirgi, ta rungume shi a gaba.

Muna roƙon dattawa da zumuntar mata su tsai da rana kafin damina, su gayyaci Sarkin Ruwa da matuƙa. Kuma idan jirgi ya cika, ko rana ta faɗi, mu sauko da yaranmu mu jira na gobe.