Mata da Mijin da Suka Ratsa Ƙasashe a Kan Keke

Da yawanmu da keke muke zuwa makaranta, kuma kafin mu iso bakin ƙofa mun fara haki. To, a wannan makon mun kawo muku bayanin wasu mata da miji 'yan Amurka, Fanny Bullock Workman da maigidanta William, wanda likita ne. Su dubban kilomita suka yi a kan keke, fiye da shekara 120 da suka wuce.

Yaya aka yi suka iya? Da farko dai sun dace da zamani. Kekunan da, tayar gaba ƙatuwa ce, ta baya 'yar ƙarama, ga saurin kayar da mutum. A 1885 aka fito da keke mai sarƙa irin namu a Ingila, a 1888 kuma aka samu taya mai iska. Daga nan doguwar tafiya ta yi sauƙi, har ga mata.

Na biyu, ba sa yin gaggawa. A 1895 sun zagaya ƙasar Sifen, tafiyar kusan kilomita 4,500. A rana sukan yi kamar kilomita 70, su kwana, gari ya waye su ci gaba. Idan muka yi lissafi, kwanakin tuƙi kaɗai sun haura 60. Gaskiyar Hausawa, sannu ba ta hana zuwa. Sun kuma shiga Aljeriya, maƙwabciyar Nijar, suka haye duwatsun Atlas har bakin Sahara. Fanny har bulala take riƙewa saboda karnukan hanya.

Na uku, kayansu ba su da yawa. Duk abin da ka ɗaura a keke, ƙafarka ce za ta biya. Shi ya sa a Sifen kayan kowannensu bai wuce kilo 9 ba. A Indiya, inda suka fara tafiya a 1897 daga can kudu suka nufi arewa, guzurinsu shayi ne da sukari da biskit da ruwa, sai bargo da magani da kayan faci. Da sassafe suke tashi don gudun rana, kuma taya takan yi faci sau da yawa a yini guda.

Zafin Indiya ne ya kora su zuwa tsaunukan Himalaya, inda keke ba ya hawa, sai ƙafa. A 1906, tana da shekara 47, Fanny ta hau wani tsauni mai suna Pinnacle Peak, mai tsawon kusan mita 6,900. A lokacin babu macen da aka san ta kai nan.

Amma akwai abin da bai yi mana daɗi ba. A kan tsauni ba su ne ke ɗaukar kayansu ba. 'Yan dako ne, mutanen ƙauyukan wurin, suke ɗaukar tanti da abinci a cikin ƙanƙara. Mata da mijin ba su iya zama da su ba, ba sa tausaya musu yadda ya kamata, har akwai lokacin da 'yan dakon suka gudu suka bar su. Sunayen su biyu ne tarihi ya riƙe, alhali ba don masu ɗaukar kayan ba da ba su kai ko'ina ba.

Don haka ranar da za mu fita yawon buɗe ido, mu duba birki da iskar taya tun da dare, mu ɗauki ruwa da famfo, mu rage kaya, mu jira na baya. Wanda kuma ya riƙe mana jaka ko ya yi mana faci a hanya, kada mu wuce ba mu ce masa sannu da aiki ba.