Raba Auren Rajista Ba Tare da Jayayya Ba a Dokar Najeriya

Auren da aka ɗaura a ofishin rajista, ko a majami'ar da ke da lasisin ɗaurin aure, ba ya mutuwa da furucin miji, kuma ba ya mutuwa don ma'auratan sun zauna sun yarda kowa ya kama gabansa. Babbar Kotu ce kaɗai ke da ikon warware shi, bisa Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, wadda aka kafa a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Dokar ba ta shafi auren Musulunci ko na gargajiya ba. A can hanya daban ce: akwai saki, akwai hul'i inda mace ke fansar kanta, galibi da mayar da sadaki, kuma kotun shari'a ko ta gargajiya ce ke saurare.

Shari'ar da ba jayayya ita ce wadda ɗaya ya shigar da ƙara, ɗayan ya karɓi takardun kotu amma bai musa ba, ko ya bayyana cewa ba shi da ja. Wannan na rage zirga-zirga da kuɗin lauya, amma bai sauke ko sharaɗi ɗaya daga kan mai ƙara ba.

Sharaɗin farko shi ne mai ƙara ya kasance Najeriya ce mazauninsa na dindindin. Idan haka ta tabbata, yana iya kai ƙara Babbar Kotun kowace jiha ko ta Abuja, ko da ba can aka ɗaura auren ba. Mace kuma dokar ta sassauta mata: in ta shekara 3 a jere tana zaune a ƙasar kafin shigar da ƙara, ana ɗaukar ta cika wannan sharaɗi.

Na biyu shi ne shekarun auren. Sashe na 30 ya hana neman rabuwa kafin aure ya cika shekara 2, sai da izinin kotu, kuma ba a ba da izinin sai an nuna matsananciyar wahala ko mummunan hali da ya wuce misali. An ware wasu dalilai daga wannan jira, kamar zina da ƙin saduwar aure da gangan tun farko.

Na uku, wanda shi ne gundarin shari'ar, dalili. Dokar ta san dalili ɗaya tak: aure ya lalace har ba ya gyaruwa. Sai dai alƙali ba ya karɓar wannan da fatar baki. Sashe na 15 ya jero hujjoji takwas, dole a tabbatar da aƙalla ɗaya. Masu son rabuwa cikin mutunci, ba tare da tonon silili ba, sun fi dogara da biyu daga ciki. Ta farko, ma'auratan sun shekara 2 a jere ba sa zaune tare, kuma wanda ake ƙara bai ƙi a raba auren ba. Ta biyu, sun shekara 3 a rabe, a nan kuwa ko ya yarda ko bai yarda ba duk ɗaya ne.

A wajen lissafin waɗannan shekaru ne ake yawan tuntuɓe. Miji da matar da ke gida ɗaya, tukunya ɗaya, ba a ɗauke su a rabe ba don kawai sun daina magana ko kowa ya koma ɗakinsa. Idan kuma iyaye suka sa baki, matar ta dawo ɗakinta na wata huɗu, sulhun ya ƙi ci ta sake fita, lissafin bai koma farko ba, matuƙar komen bai wuce wata 6 ba. Sai dai watannin nan huɗu ba sa cikin shekarun da ake ƙirgawa. Tanadi ne mai hikima, domin da babu shi, da mutane sun riƙa gudun sulhu don kada su yi asarar lokacin da suka riga suka jira.

Akan haɗa takardar ƙara da takardar shaidar aure, da rantsuwar mai ƙara cewa abin da ya rubuta gaskiya ne, da shaidar lauya cewa ya tuna masa da hanyoyin sasantawa. Sannan a kai wa ɗaya ɓangaren kwafinsa. Ko da bai zo ba, mai ƙara zai shiga akwatin shaida ya yi bayani, alƙali ya auna. Yarjejeniya a kan rabon kadarori ko ciyarwa abin so ce, kotu kan karɓe ta, amma haɗin baki don a yaudari kotu, kamar a ƙirƙiri ranar rabuwa, ya isa a yi watsi da ƙarar.

Wannan tsari ya fara zama tsohon yayi. Ingila, wadda aka kwaikwayi wani ɓangare na dokarta, ta sauya tun 6 ga Afrilu 2022: ma'aurata na iya nema tare ba tare da kawo hujja ba, su jira mako 20. Najeriya ba ta bi ba.

Idan alƙali ya gamsu, hukuncin wucin gadi yake fara bayarwa, wanda kan zama na ƙarshe bayan wata 3. Inda akwai 'ya'ya 'yan ƙasa da shekara 16, kotu kan fara tabbatar da wanda zai riƙe su da yadda za a ɗauki nauyin abincinsu da karatunsu. Kafin hukuncin ƙarshe ya tabbata, igiyar auren tana nan, kuma duk wanda ya ɗaura wani aure a wannan tsakani ya yi aure kan aure, wanda laifi ne a dokar auren rajista.